Tafiya Hutu da Iyali a Tsakiyar Damina: Yadda Ake Yanke Shawarar Tafiya ko Fasawa

Dogon hutun makarantu a Najeriya yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, daidai lokacin da damina ta fi ƙarfi a Arewa. A lokacin ne ma'aikacin da ke Abuja ko Kaduna ko Legas yake son kwasar yara ya kai su gida su ga kakanni, a lokacin ne kuma gadoji ke karyewa, kwalbatoci su rufta, hanyar da aka bi lafiya lau ranar Litinin ta zama kogi ranar Alhamis. An karɓi hutu a wajen aiki, an sayi tsaraba, an faɗa wa Hajiya ranar isowa, yara sun ɗaure kaya tuntuni, sai ga sanarwa a rediyo cewa za a tafka ruwa a jihohi da dama, har da wadda za ku.

Mafi yawan magidanta suna warware wannan matsala da ɗaga kai su dubi sama da asubar ranar tafiya. In gari ya waye garau, a loda kaya. In hadari ya haɗo, a ce bari ya sauka tukuna. Amma sararin da ke saman ƙofar gidanka labarin unguwarku kaɗai yake ba ka. Ruwan da ke tare matafiya sau da yawa ya sauka ne kwana biyu ko uku da suka wuce, a wani gari da ba ya ma cikin hanyarka, ya gangaro ta rafi ya tarar da kai a bakin gada rana na ƙwallewa. Saboda haka hanya za ka bincika, fiye da sama.

Mataki na 1: Yanka tafiyar gunduwa-gunduwa, ka gano inda ta fi rauni

Ɗauki takarda da biro ka rubuta garuruwan da za ku ratsa, tun daga ƙofar gidanka har ƙofar gidan da za ku sauka. Tsakanin kowane gari da na gaba, rubuta abin da ke wurin: kwalta ce ko burji, akwai gada, akwai mashigin da ake ratsa ruwa da mota, hanyar ta keta fadama, ko sai an yi fito da kwalekwale. Tafiyar awa bakwai takan kasance ba ta da wurin haɗari fiye da biyu ko uku, kuma a kansu shawarar take rataye.

Manyan hanyoyi ma ba su tsira ba. A Agustan 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙaramar hukumar Katagum ta jihar Bauchi, ya cinye kwaltar gaba ɗaya. A wannan watan ne gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari ta karye, mutane suka koma tsallakawa da jirgin ruwa. Mai bin hanyar Abuja zuwa Lokoja kuwa ya san Koton Karfe: a 2012 da 2022 ruwa ya haye kwalta a wannan yanki, motoci suka yi kwanaki a layi, har man fetur ya yi wahala a Abuja saboda tankoki sun maƙale.

Duk da haka, abin da ya fi kayar da iyali shi ne guntun ƙarshe, daga inda aka sauka daga kwalta zuwa cikin ƙauye. Ba a sanar da shi a rediyo, ba ya cikin taswirar waya yadda ya kamata, kuma ƙasar laka ta fadama in ta jiƙe, mota mai ƙaramin ƙafa ba ta da ta cewa.

Ga kowace gada ko mashigi da ka rubuta, tambayi kanka: wane kogi ne wannan, daga ina yake tasowa? Kogin Haɗeja yana karɓar ruwan Kogin Kano da na Challawa, wato abin da aka saki daga dam ɗin Tiga da na Challawa yana bi ta Wudil ya nufi Ringim da Auyo da Haɗeja. Kogin Jama'are da Gongola daga tsaunukan Jos suke gangarowa, don haka ruwan Filato yana iya cika su alhali ƙasar Katagum ko Gombe ba ta ga ɗigo ba a ranar. Binuwai daga Kamaru yake shigowa, kuma in an buɗe dam ɗin Lagdo, ruwan yakan bi ta Yola da Numan da Makurɗi har Lokoja. A ƙasar Sakkwato da Zamfara da Kebbi akwai dam ɗin Goronyo a kan Kogin Rima da na Bakolori a kan Kogin Sakkwato. A Neja da Kwara akwai Kainji da Jebba da Shiroro.

Kada ka manta da dawowa. Mutane suna lissafin zuwa su bar komowa a hannun sa'a. Manyan koguna kuwa a Satumba zuwa farkon Oktoba suke tumbatsa, lokacin da ake komawa makaranta. Hanyar da ta bar ka ka shiga a tsakiyar Agusta tana iya hana ka fita bayan sati uku.

Mataki na 2: Tantance wane irin ruwa ake magana

Ba duk gargaɗin ruwa ne ke fasa tafiya ba, in ba haka ba babu wanda zai motsa daga Yuni zuwa Satumba.

Akwai hadarin da muka saba: ya haɗo daga gabas, yawanci da yamma ko cikin dare, iska da ƙura su riga shi isowa, a yi tsawa da walƙiya, a zuba kamar da bakin ƙwarya na awa ɗaya ko biyu, a ɗauke. Wannan sauya lokacin tashi yake buƙata kawai. Ka yi sammako, ka isa kafin la'asar.

Akwai marka, ruwan da ke wuni ya kwana yana zuba, wani lokaci kwanaki a jere ba a ga rana ba. Ba shi da hayaniya, shi ya sa ake raina shi, amma shi ne ke ƙosar da ƙasa har ta daina shan ruwa, ya jiƙa ginin ƙasa ya zube, ya mayar da burji taɓo. Duk ruwan da ya sauka a bayan marka kai tsaye rafi yake tafiya. In an yi marka a yankin da za ku, a ba hanya kwana biyu ko uku na rana kafin a taka ta.

Sai ambaliya, ita ma iri biyu ce. Ta babban kogi a hankali take hawa, ana ganin zuwanta, hukumomi sukan yi shela kafin a buɗe dam, kuma in ta hau takan yi makonni ba ta janye ba. Jinkirin kwana biyu ba ya maganinta. Ɗaya kuwa ita ce mai zuwa farat ɗaya. A daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumban 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri mutane suna barci, shekara talatin bayan irin haka ta faru a 1994. A ƙarshen Mayun 2025 ruwan dare ɗaya ya share unguwanni a Mokwa ta jihar Neja, fiye da mutum 150 suka rasu, kuma damina ba ta ma kankama ba a lokacin. Irin wannan babu mai iya faɗa maka ranarta. Abin da za ka iya shi ne ka san ko masaukinku yana cikin kwari, ko bakin rafi, ko ƙasan dam, ka ƙi kwana da yara a irin wurin a mako mai ruwa.

Mataki na 3: Nemi labari daga sama, ka tabbatar da shi daga ƙasa

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, sannan tana fitar da na kwana uku-uku, wanda gidajen rediyo da jaridu ke ɗauka. Hukumar NIHSA mai sa ido kan koguna tana fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ake fargabar ambaliya kafin damina, kuma ita kan sanar in za a saki ruwan Lagdo. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya takan fitar da sunayen garuruwan da ake tsoron ambaliya cikin 'yan kwanaki masu zuwa. Bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da takardar da ka rubuta a mataki na farko. Sunan jiha kaɗai ba ya isa, domin jihar Neja ko Borno ta fi wasu ƙasashe girma.

Manhajar yanayi ta waya tana da amfani in ka san iyakarta. In ta rubuta kashi 70, tana nufin yiwuwar a yi ruwa, ba yawan ruwan ba. Yayyafi ma ruwa ne a wajenta. Hasashen da ya wuce kwana uku zuwa biyar kuma, a irin hadarinmu mai haɗuwa cikin awa biyu, kada ka soke tafiya ko ka tabbatar da ita a kansa.

Labarin da ya fi kowanne yana tasha. Je tashar da ake lodin garinku, ka nemi direban da ya shigo yau ko jiya da yamma. Ɗan kamasho fasinja yake nema, zai ce maka hanya lafiya lau ko da kada na iyo a kanta. Direban ma kada ka tambaye shi "yaya hanya?", don amsarta "Alhamdulillahi" ce kullum. Yi masa tambayoyin da ba a amsa su da gaisuwa:

"Direba, ƙarfe nawa ka taso, ƙarfe nawa ka shigo?" In tafiyar awa huɗu ta ci masa bakwai, akwai magana.

"Ta ina ka biyo?" In direbobi sun fara zagaye, to hanyar da ka sani ta samu matsala.

"A mashigin nan, ina ruwa ya kawo wa motarka? Ƙananan motoci suna wucewa, ko sai manya?"

"An ƙara kuɗin mota a satin nan?" Ƙarin kuɗi ba tare da tashin farashin mai ba alama ce ta zagaye ko wahalar hanya.

Daga nan ka kira gida. Amma zaɓi wanda za ka kira. Tsohuwar da ta shekara ba ta ga jikokinta ba ba za ta ce maka kada ku zo ba. Kira ƙaninka mai babur, ko ɗan acaɓan da ke zirga-zirga a hanyar, ko mai shagon bakin mashigi, ka ce ya ɗauko maka bidiyon wurin yau ya turo ta WhatsApp, ya ambaci ranar da bakinsa a ciki. Dalilin wannan sharaɗi shi ne, duk damina tsofaffin bidiyoyin ambaliya sukan dawo yawo a Facebook da sunan sababbi, wani ma ba a ƙasar nan aka ɗauka ba. An sha fasa tafiya saboda gadar da ta karye shekara uku da suka wuce, an gyara ta tuni.

Mataki na 4: Dubi waɗanda ke cikin motar

Hanya ɗaya ce, amma haɗarinta ba ɗaya ba ne ga kowa. Tambayar da za ka yi ita ce: in ruwa ya tsare mu muka kwana a mota a bakin hanya, wa zai fi jigata, kuma ina asibiti mafi kusa?

Samari uku za su kwana su tashi suna dariya. Jariri, mace mai tsohon ciki, dattijo mai hawan jini, mai ciwon suga da ke allurar insulin wadda ba ta son zafi, yaro mai sikila da sanyi da jiƙewa ke tayar masa da ciwo, duk waɗannan kwanan hanya ba wasa ba ne a gare su. In akwai ɗaya daga cikinsu a tawagar, ƙaramin shakku ya isa dalilin ɗagewa. Ka kuma ƙirga hannaye: in ta kama a fita daga mota da gaggawa, manya nawa ne, ƙananan da sai an ɗauka nawa ne? Manya biyu da yara biyar 'yan ƙasa da shekara goma lissafi ne da bai dace da bakin ruwa ba.

Mataki na 5: Me za a je yi, kuma ruwan zai bar ku ku yi shi?

Dubiyar mahaifi da ke kwance daban take da yawon buɗe ido. Ta farko tana iya sa ka tafi kai kaɗai a motar haya ka bar iyali. Ta biyu ba ta da ranar da in ta wuce shi ke nan.

Ɗauki Yankari a jihar Bauchi, inda iyalai da yawa ke sha'awar kai yara. Ruwan Wikki yana nan da ɗuminsa na kusan digiri 31 rani da damina, wanka ba ya ɓaci. Amma kallon namun daji, wanda shi ne abin da yaran ke ɗoki, na rani ne. Da damina ciyawa ta fi mutum tsayi, ruwa ya samu ko'ina, giwaye da ɓauna da gwanki ba su da dalilin taruwa a bakin Kogin Gaji, hanyoyin cikin dajin kuma sun yi taɓo. Wanda ya ɗage zuwa ƙarshen Disamba har zuwa Afrilu riba ya ci.

Ƙauye ma a duba halin masu masaukin. Agusta lokacin gona ne, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba. In marka ta zubar musu da ɗaki ko katanga, baƙi takwas nauyi ne da kunya ba za ta bar su su faɗa ba. Ambaliya kuma takan haɗa ruwan masai da na rijiya, shi ya sa amai da gudawa ke biyo bayanta. In ka ji ana maganar kwalara a yankin, maganar tafiya da yara ta ƙare a nan.

Mataki na 6: Yi lissafin kuɗi, amma kada kuɗin da ya riga ya fita ya tuƙa ka

Abin da ya fi tura magidanci cikin ruwa shi ne "ai na riga na kashe kuɗi". Zauna ka raba kuɗin kashi biyu. Gyaran mota yana jikin motarka. Atamfa da shadda da sabulun tsaraba ba sa ruɓewa. Abin da ke iya salwanta da gaske shi ne kafin alƙalamin otal ko na motar da ka yi shata, da tikitin jirgi, da kwanakin hutun ofis.

Otal da mai mota, kira su da wuri, kuma kada ka fara da neman a dawo maka da kuɗi. Nemi a matsar maka da rana. Ɗan kasuwa ya fi saurin yarda da wannan, domin kuɗin yana hannunsa. In kun daidaita, ya rubuto maka a saƙo.

Jirgin sama kuwa akwai bambanci tsakanin ka fasa da a fasa maka. In kamfani ne ya soke tashi, ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, sun ba ka zaɓin a mayar maka da kuɗinka ko a sa ka a wani jirgin, kuma wanda ya biya ta kati ko banki a tafiyar cikin gida ana mayar masa cikin kwana 14. Ƙarin diyya dai ba a biya in yanayi ne sanadi. In kai ne ka janye da kanka, sharuɗɗan tikitinka ne za su yi aiki, kuma mai araha ya fi tsauri. Don haka mai tikitin jirgi kada ya yi gaggawar sokewa, ya fara tambayar kuɗin canza rana.

A ɗaya gefen takardar rubuta abin da maƙalewa ke ci: motar janwe, kwanan otal na dole a garin da ba ka shirya ba, injin da ya sha ruwa, wanda sau da yawa sai an sauke shi ko an sayi wani, da yaran da za su rasa makon farko na zango. Kafin alƙalamin kwana biyu ba ya kamo ƙafar ko ɗaya a ciki.

Mataki na 7: Ku kafa sharaɗi tun kafin ranar

Da asubar tafiya, kaya na cikin but, yara sun sha wanka, babu uban da ke tunani daidai. Saboda haka ka zauna da uwargida tun saura mako guda, ku rubuta abubuwan da in ɗaya ya faru an fasa, ba sai an sake muhawara ba. Misali: in an ambaci ɗaya daga garuruwan hanyarmu a jerin ambaliya, in ƙananan motoci sun daina ratsa mashigin, in an yi shelar buɗe dam ɗin da ke saman kogin, in an kwana biyu ana marka a can. Ku sake dubawa saura kwana uku, sannan daren tafiya ka kira mutumin nan mai babur karo na ƙarshe. Ra'ayin uwar yara a nan ba na cika baki ba ne, ita ce za ta riƙe jariri in abu ya ɓaci. In hankalinta bai kwanta ba, a ɗauka sharaɗi ɗaya ya cika.

Tsakanin tafiya da fasawa akwai ƙofofi da yawa da ake mantawa da su. Ana iya jinkirta kwana uku. Ana iya bin doguwar hanya mai kwalta a bar gajeriya mai mashigi. Ana iya tsayawa a babban gari mafi kusa, a gidan ɗan'uwa, waɗanda ke da ƙarfi daga ƙauye su fito a gaisa. Ana iya rage tawaga, manyan yara su bi uba, ƙanana su zauna da uwa. Tsakanin Abuja da Kaduna akwai jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa. Ana iya gajarta zaman a dawo kafin Satumba.

Za a samu mai cewa, "Haba, Allah ne mai tsarewa, abin da zai faru sai ya faru." Gaskiya ne, kuma wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkalin. Yi bincikenka, yi istihara, ka yanke.

Mataki na 8: In an yanke za a tafi

Kai mota wajen bakanike tun saura kwanaki, ya duba burki, waifa, fitilu da batir. Tayar da ta suɗe a canza ta, don a kan jiƙaƙƙiyar kwalta sulɓi take yi. A cika tanki, a riƙe tsabar kuɗi saboda sabis yakan ɗauke bayan hadari, a yi cajin wayoyi, a ɗauki ruwan sha da guzurin da zai kai ƙarin yini guda, da maganin duk mai shan magani, da gishiri da sukarin gudawa, da gidan sauro. A tashi bayan sallar asuba. Tafiyar dare da iyali, ko ba ruwa, halin tsaron hanyoyinmu ya isa ya hana ta.

In hadari ya riske ku har ba ka ganin gabanka, sauka daga kwalta sosai, gidan mai ya fi, ka kunna fitilun gargaɗi. Ban da ƙarƙashin bishiya, ban da allon talla, ban da gindin turken wuta, iskar farkon hadari su take kayarwa. Lokacin tsawa cikin mota a rufe ya fi rumfar bakin hanya aminci. In ka ga walƙiya ka ƙirga daƙiƙu kafin ƙarar ta iso: kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. Yara kada su fita sai an yi rabin awa ba a ji tsawa ba.

Ruwa a kan hanya shi ne inda ake rasa rai. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana kayar da babban mutum. Santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota ya tafi da ita. Santimita 60 yana ɗaukar jif. Kuma jan ruwa ba ya nuna abin da ke ƙarƙashinsa, mai yiwuwa kwaltar da kake zaton za ka taka ta riga ta tafi. Wucewar tirela ba hujja ba ce gare ka. Samarin da ke tsaye suna cewa "Alhaji shigo, za mu tura ka" su ma abincinsu suke nema, kuma ba 'ya'yansu ne a bayan motar ba. Juya, ko ka jira. Ruwan ƙaramin rafi yakan sauka cikin 'yan awoyi in an ɗauke a sama. In tsautsayi ya sa mota ta mutu a cikin ruwa, kada ka sake tayar da ita, nan ne injin ke lalacewa. Sauke gilasai tun wuta ba ta ɗauke ba, a kwance bel, a fara fitar da yara.

In sai an yi fito, to da rana, da rigar kariya ga kowa, a jirgin da ba a danƙare ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana zirga-zirgar jiragen ruwa da dare. Hatsarin Bagwai na 2021, wanda yawancin waɗanda suka rasu a cikinsa yara 'yan Islamiyya ne, da na Patigi na 2023 da ya ci 'yan biki fiye da 100, duk lodi fiye da kima yana cikin sanadinsu. In ka ga ana ɗora babura da buhuna a kan fasinja, jira na gaba, ko ka biya kuɗin jirgin kai kaɗai. Ajiye lambar jami'an kiyaye haɗurra ta FRSC, 122, da lambar gaggawa ta ƙasa, 112.

Mataki na 9: In an fasa, yadda ake faɗa

Wannan ne ke sa mutane da yawa shiga hanyar da suka san ba ta da kyau: nauyin a ce sun ƙi zumunci. Kira da bakinka, kada ka tura saƙo, kada ka aiki wani. Ko gidan surukai ne, kai ya kamata ka kira, don kada a ɗora wa 'yarsu laifi ko a ce ka hana ta zuwa. Bayan gaisuwa ka kawo dalili takamaimai da sabuwar rana tare:

"Hajiya, na yi magana da direbobin tasha, sun ce ruwa ya haye mashigi, ƙananan motoci ba sa wucewa. Ga Ummi da goyo, ban ga ya dace in shigo da su ba. In Allah ya kai mu hutun Disamba za mu zo mu daɗe. Akwai ɗan saƙo da na ba direban gobe, a aika a karɓa."

Tsoho in ya ji sunan mashigin da ya sani, shi da kansa zai ce ku zauna. Tsarabar ta tafi ko ku ba ku je ba, tare da kuɗin da da za a kashe a mai, musamman in ruwa ya yi musu ɓarna. Yara kuma a faɗa musu gaskiya, a nuna musu bidiyon ruwan, a haɗa su da kakarsu ta waya, a fita da su wani wuri a cikin gari a ranar da aka sa za a tafi. Mutanen Kano suna da gidan zu na Audu Bako da Gidan Makama. A rubuta sabuwar ranar a kalanda inda za su riƙa gani.

Ita ma sabuwar ranar tana da nata yanayin. Disamba da Janairu lokacin hazo ne, ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. In ya yi kauri, gani yakan gaza kilomita ɗaya, jirage su kasa sauka a Kano da Maiduguri da Sakkwato da Yola, a yi ta ɗage tashi. A hanya kuma sammakon da ya cece ka da damina sai an haɗa shi da fitila a kunne da rage gudu. A ɗauki rigunan sanyi da takunkumi, mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, kuma a sa ranar dawowa ta riga ranar komawa aiki da makaranta da aƙalla kwana biyu.